Carbin Kaka da Takardar Asibiti

Duk Damagaram babu wanda ya kai Mushe Ari baki. Malamin kimiyya ne a lise, wato sakandare, inda ake kiran malami Mushe da Faransanci, kuma tun da ya dawo daga jami'a ya ɗaura yaƙi da jahilci, wanda a ganinsa ya kama kowa sai shi. A fadar samari, shayi kan huce a hannunsa yana faɗa: "Ku yi gwajin jini kafin aure! Mai AS ya auri mai AS, kowane ciki akwai kasadar ɗaya cikin huɗu yaro ya zo da amosanin jini!" Shi kuwa allura ba ta taɓa ganin jijiyarsa ba.

Sai ya kamu da son Kellu, 'yar baffansa. Dangi suka yi murna, tuwona maina. Kakarsu da ke unguwar Birni ce kaɗai ta ce a'a.

Ari ya je da zafinsa, ya zare carbin da ke hannunta ya ɗaga sama.

"Kaka, zamanin camfi ya wuce. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da ɗaki a tsakiyarta. A ɗakin akwai zare, sunansa ADN, an nannaɗe shi ƙulli arba'in da shida, su ne kromozom. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Kamar carbin nan ne: kowane ɗa a jikin zaren umarni ne, wannan na tsawo, wannan na jini."

"Wanne ne na surutu?" in ji Kaka. "Don kai biyu ka samu."

"Kaka!"

"Maigidana, ni ban san zarenka ba. Na dai binne 'ya'ya biyu, yayyen ubanka, duk sanyi sai su kwana kukan ƙashi. Ni da kakanku 'ya'yan wa da ƙane ne. Abin yana barci a gidan nan. Kada ku tashe shi."

"Wannan ba hujja ba ce!"

Ya fice da carbin a aljihu. A fada ya rantse zai kawo takarda ya kunyata tsohuwa. Ranar gwajin, da ma'aikaciya ta ɗauko allura, Kellu ce ta riƙe masa hannu, jarumin yana kallon rufi yana salati.

Da sakamako ya fito, suka buɗe a ƙarƙashin bishiyar bedin asibiti. Nata AS. Nasa AS. Ari ya karanta sau uku, ya juya bayan takardar ko Faransanci ya sake shawara.

"To ai..." ya ce. "Uku sun fi ɗaya yawa."

Kellu ta dube shi, idonta ya cika. "Yaya Ari, ba haka ka gaya wa 'ya'yan mutane ba. Cikin namu, wa za ka zaɓa ya zama ɗayan?"

Mushe ya ninke takardarsa, ya sa a aljihu.

Da la'asar ya shiga wurin Kaka, ya zauna a ƙasa.

"Me zarenka ya ce?"

"Abin da kika ce."

Ya jira ta yi masa dariya. Ba ta yi ba, kuma wannan ya fi ciwo. Hannu kawai ta miƙa, ya ba ta carbinta.

Maganar aure ta mutu a ranar. Wa'azin fada dai bai mutu ba, sai dai yanzu kafin ya buɗe baki, takardarsa yake fara cirowa ya ajiye kusa da butar shayi.