Karar da Garba Ya Yi a Filin Jirgi

Ni Asma'u, har yau in na ji ana yabon mutum da kara, sai in kau da kai. Kara ce ta raba ni da mijina.

Garba masunci ne a tafkin Madarumfa, tsohon soja kuma. A damanar 1956 wani kumburi ya fito masa a wuya, har fura sai da dabara take wucewa. Lokotoron asibitin Maradi ya duba ya ce yanka za a yi, a Yamai, kuma kada a wuce kwana goma. Albarkacin sojan da ya yi, aka ba shi takardar shiga jirgin sama. Jirgin kuwa ran Laraba kaɗai yake sauka.

Da hantsi muka isa filin jirgi. Ɗakin jiran wata 'yar rumfar kwano ce da benci ɗaya, mai cin mutum shida. Garba ya sami gurbi na ƙarshe, ni na tsuguna daga gefe da ƙwaryar furarsa.

Can sai ga wani attajirin gyaɗa, Alhaji Lawali, yana haki, babbar riga na jan ƙasa. Ya tsaya yana dube-dube. Garba, da ko miyau bai iya haɗiya, ya dafa bango ya miƙe.

"Bisimilla, Alhaji, ga wuri."

Kowa ya san yadda ake yi. Wanda aka yi wa tayi sai ya ce a'a, zauna abinka, balle ga marar lafiya. Alhaji bai ce ba. Ya tattara riga ya zauna daɓas, ko sannu babu.

Abin da mu ƙauyawa ba mu sani ba, shi ya sani: in jirgi ya zo a cike, bencin nan shi ne layi. Da jirgi ya sauka, ma'aikacin filin ya fito ya ce gurbi shida ne ya rage. Ya ƙirga na kan benci, ya ce shi ke nan.

Na miƙe na tare shi, na kira shi yadda ake kiran ma'aikatan Faransa. "Mushe, mijina shi ya riga Alhajin nan zowa! Tashi ya yi ya ba shi!"

"Wanda na iske bisa benci shi na sani," in ji shi.

Na juya wajen Alhaji. "Alhaji, kai hwaɗa mishi mana!" Sai ya shiga gyaran hula, kamar ba da shi nake ba.

Garba ya kama bakin zanena. "Bari, Asma'u. Abin da na ba mutum da bakina, ba ni amsa. Laraba na zuwa."

Ranar na ji haushinsa ya fi na Alhaji, Allah ya yafe mini. Muna tsaye jirgin ya tashi, muka koma neman mota.

Ran Litinin Garba ya cika.

Ranar addu'ar bakwai sai ga Alhaji, ya dawo daga Yamai, ya zo gaisuwa da goro. Ina daga cikin gida na ji muryarsa a zaure, yana gaya wa jama'a bai taɓa ganin mutum mai ladabi kamar marigayi ba, shi kansa shaida ne. Maza suka amsa, "Haka ne, Alhaji." Ƙanen Garba ma tashi ya yi daga kan buzu, ya ce masa bisimilla.