Ɗaurina Bai Kwance Da Kansa Ba

Ni Zalihatu ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Amma duk macen da ta mutu a cikin Hausawan unguwar Arras, tun ina da haƙorana duka, hannun nan ne ya wanke ta, ya sa mata likkafani. Gwaggona da ta kawo ni Abidjan daga Madawa ita ta koya mini. Ba a biyana, ba na karɓa. Ba ni da gida, ba ni da ɗa namiji a Treichville. Aikin nan shi ne mutuncina.

Likkafani wuri uku ake ɗaure shi: kai, tsakiya, ƙafa. Kuma zarge ake yi, ba ƙulli mai tauri ba, don in an sa mamaciya a kabari a ja da yatsa biyu ya saki. Haka aka yi wa uwata, haka za a yi mini. An yi shi don kafaɗun mutane masu tafiya a hankali.

Da Hajiya Haulatu ta rasu, yayar Alhaji Abduljalil mai shigo da shinkafa da kwanukan tangaran, ni na wanke ta da magarya da kafur. Ƙawata ce, tare muka tsufa. Na ɗaure ta yadda na saba. Alhaji ya ba da bashe, mota mai buɗaɗɗen baya, ɗaya daga cikin motocin kamfaninsa, aka ɗora makara a baya, aka nufi maƙabartar Williamsville. Shi ya yi gaba da liman a wata mota. Mu mata ba ma bin gawa. Daga bakin ƙofa idonmu ya ƙare, abin da maza suka dawo suka ce shi ne ya faru.

To, sun dawo sun ce. Malam Rabi'u, wanda makarar masallacinmu ke hannunsa, ya zauna a tabarmar ta'aziyya ya ɗaga murya yadda za mu ji daga cikin gida.

“Yau mun ga abin kunya. A tsakiyar mararrabar Indénié likkafani ya buɗe, ƙafar Hajiya ta fito har gwiwa, 'yan talla na kallo. Iya Zalai ta tsufa. Hannu ya fara rawa, a nemi wata.”

Na fito ba mayafi. Na ce, “Rabi'u, ɗaurina bai taɓa kwancewa da kansa ba. Me kuka yi mata a hanya?”

“Kin ga? Har hankalin ma. Ku shigar da ita.”

Aka shigar da ni. Matan da na wanke musu uwaye suna cewa yi haƙuri, Iya, tsufa ba laifi ba ne. Haƙurin uban wa?

Ba a jima ba maƙwabciyata Hasana ta rasu, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu. Na haɗa magaryata na zauna jiran aike. Ba wanda ya zo. Wata mata aka ɗauko daga Koumassi. Ina zaune ina jin ƙarar ruwa yana zuba ta bayan bango, ina jin ta fara ta inda ba a farawa. Ranar na san an binne ni da raina.

Mero ce ta buɗe mini hanya ba da saninta ba. Mijinta Harouna direba ne a kamfanin Alhaji. Muna wurin famfo tana mita.

“Iya, mutumin nan ya ishe ni. Kullum ya dawo sai zagin mushar. Wai Alhaji ya sa wa kowace mota wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari. Ka yi gudu ya faɗa, ka taka burki da ƙarfi ya faɗa, ka tsaya cin aceke ya faɗa. Shi ya sa suke ce masa mushar, magulmaci.”

Na ajiye bokiti. “Wa yake faɗa wa?”

“Firdausi, 'yar Alhaji. A na'urarta take gani, a buro, ofishinsu.”

“Har motar da ta ɗauki Haulatu?”

“Kowace mota, Iya. Har ta Inusa.”

Inusa shi ya tuƙa gawar. Kuma Inusa mijin 'yar Rabi'u ne. Sai na ji kaina ya yi wasai kamar an ɗauke mini kaya. Ashe akwai wanda ya bi gawar da ba namiji ba ne, ba shi da suruki, ba ya jin kunyar kowa.

Washegari da hantsi na hau mota zuwa Adjamé. Na ratsa masu turin kaya da gbaka, ƙananan bas ɗin haya masu ihu, na isa magazan Alhaji, babban shagonsa, na hau bene da gwiwoyin nan da suka ce sun mutu. Alhaji ya miƙe.

“Iya, da kanki? Da kin aiko.”

“Wa zan aika, Abdu? Wanda aka kora daga gidan mutuwa wa zai je masa aike? Wurin magulmacinka na zo.”

Da ya gane inda na dosa sai fuskarsa ta sauya. “Iya, Yaya Haulatu ta tafi. A bar wa Allah. Tono maganar nan ciwo ne a gare ni.”

“Ita ta tafi, ni ina nan. Ita an rufe ta da ƙasa, ni an rufe ni da ƙarya. In ɗaurina ne ya saki, a nuna mini, in je in zauna a ɗaki har ranar da matar Koumassi za ta zo kaina. In ba shi ba ne, yayarka ce aka wulaƙanta, kana ciyar da wanda ya yi.”

Firdausi na zaune a kusurwa gaban na'ura. A Abidjan aka haife ta, Hausarta sai an taimaka mata da Faransanci. Ta ce, “Papa, ranar ban duba ba, ranar makoki ce. Amma yana nan. Ba ya gogewa.” Ta jawo mini kujera. “Zauna, Tanti.”

“Tanti uwarki. Ce Kaka.”

“Pardon, Kaka.”

Ta nuna mini zanen gari, ga ruwa, ga gada. Sai ga wani ɗigo kamar ƙwayar wake ya fito daga Arras yana tafiya. Ta ce in kore ne, tafiya ce ta hankali. In ja ne, gudu ya wuce ƙa'ida. Ba sai na yi karatu ba, na san kore na san ja. Ɗigon ya bar unguwa kore. Yana hawa gada ya zama ja. Ya wuce Plateau ja, yana kauce nan yana kauce can kamar ɓera a cikin rumbu. Da ya iso Indénié sai ya ƙame wuri ɗaya, wata alama ta yi tsalle a kansa.

“Voilà,” in ji Firdausi. Ta ɗora yatsa kan alamar. “Burki ne, irin wanda mutum ke dukan gilashi da goshi. Jar fitilar hanya ta kama Inusa. Papa, ba ranar kaɗai ba. Dubi, dubi. Kusan kullum a nan yake yin haka, yana tsere da fitila. Na gaya masa ya fi a ƙirga, dariya yake, wai yarinya za ta koya masa tuƙi.”

Alhaji ya juya. Ya leƙa taga ya ƙwala kira. Inusa ya hawo yana goge hannu da tsumma, ya gan ni, ya ga na'ura, ya tsuguna tun ba a ce masa ba.

“Wata gbaka ce ta shigo mini, Alhaji.”

Na ce, “Kullum gbakar nan take shigo maka? Aure za ta yi da kai? Kai ɗan nan, dubi idona. Me ya sami makarar?”

Ya sunkuyar da kai. “Ta zame, Iya. Ta daki ƙarfen bayan kujera, Hajiya ta yo gaba. Na baya kowa ya kama ƙarfe don kada ya faɗi, ba wanda ya riƙe ta.”

“Surukinka yana ina?”

“Yana gaba, kusa da ni.”

Alhaji ya ce ya ajiye makulli ya fita, kada ya sake ganinsa. Sannan ya juyo ya fara laluben aljihu, wai in yi haƙuri.

“Mayar da hannunka, Abdu. Ba a bakin aljihu aka zage ni ba. A ƙofar gida aka faɗa, gaban jama'a. Gaban jama'a za a warware. Shi kuma wannan, ka kore shi ya je ina? Gobe ya ɗauki gbaka da ba ta da magulmaci, ya cika ta da 'ya'yan mutane, a kawo mini su in wanke? A'a. Ka bar shi nan inda ake ganinsa. 'Yarka ta ce ba ya jin magana. To yanzu zai ji.”

Ranar Juma'a bayan an sallame, liman ya ce kada kowa ya tashi. Ni ina bayan labulen mata, na matsa har hancina na taɓa shi. Inusa ya faɗi abin da ya yi. Sai Rabi'u ya miƙe yana magana cikin gemu, wai an samu rashin fahimta.

Na ɗaga murya. “Ban ji ba! Kai ka ce na tsufa. Kunnen ma ya tsufa. Ƙara!”

Mata suka fara ƙunshe dariya a mayafi.

“Ɗaurin Iya Zalai ba shi da laifi,” in ji shi.

“Ranar ta'aziyya muryarka ta kai har bakin kasuwa. Ina ka ajiye ta?”

Ya faɗa da ƙarfi, har maza suka yi dariya, liman ma ya juya fuska bango. Na ce, “Yanzu na ji. Allah ya yafe mana, amma ni sai na huce tukuna.”

Ban tsaya nan ba. Na san maza, in an gama kunya sai a koma gidan jiya. Kowace Asabar Firdausi na tara direbobi a ƙasan magaza, ta nuna wa kowa tafiyarsa ta mako. Na riƙa zuwa ba gayyata, in zauna kan buhun shinkafa. Da can, in ji Harouna, rabinsu ba sa zuwa. Yanzu Alhaji da kansa yake tsayawa a bakin ƙofa. Yarinyar ba ta faɗa, ni na so ta yi. Sai ta tsayar da ɗigo, ta dubi direban kamar kawunta ta ce, “Tonton, nan me ya faru?” Mutum ya yi bayani, sauran su ƙaryata shi, a yi dariya, sannan a zo kan gyara. Harouna mai zagin mushar ashe shi ya fi kowa kore. Da aka faɗa gaban mutane sai ya fara tafiya kamar zakara, ya daina zagin. Shi aka haɗa da Inusa, ya zauna kusa da shi in an fita kai kaya.

“Tun daga saman gada za ka ɗaga ƙafa,” Harouna yake ce masa. “Fitila ba budurwa ba ce da za ka ruga kada wani ya riga ka. Dubi nesa, bar wuri tsakaninka da na gaba.”

“In na bar wuri gbaka ta shige.”

Na ce daga kan buhuna, “Ta shige mana! Gadon ubanka ne wurin?”

Bai gyaru rana ɗaya ba. Mako na farko ja ya fi yawa, ya ce na'urar ta tsane shi. Daga baya jan ya koma ɗigo-ɗigo. Masu sarin tangaran a Adjamé suka daina dawo da kwalaye suna kuka da fasassun kwanuka. Wata Asabar Firdausi ta juyo mini da na'urar, tafiyar Inusa daga tashar jirgin ruwa har Adjamé, ta ce, “Kaka, nemo ja.” Na nema har idona ya yi ruwa. Babu.

Ana cikin damina aka buga mini ƙofa da sassafe. Rabi'u ne, ba aike ba, shi da kansa, hula a hannu. Ƙanwarsa ta cika da asuba.

“Iya, ki zo.”

Na bar shi tsaye cikin yayyafi har na gama haɗa magarya da kafur. Ba don mugunta ba. To, da 'yar mugunta.

Na wanke ta kamar 'yata, don ita ba ta yi mini komai ba. Da na zo ɗauri, wata yarinya ta raɗa mini wai in ɗan ƙara tamkewa, saboda abin da ya faru. Na bige hannunta. Zarge na yi, kai, tsakiya, ƙafa, yadda gwaggona ta koya mini, ban ƙara ko zare ba.

Aka fito da makara. Bashe ɗin Alhaji na ƙofa, Inusa a sitiyari. Ya sauko ya duba igiyar da ya ɗaure makarar da ita, ya sa mutum biyu su riƙe. Rabi'u bai shiga gaba ba, baya ya hau ya dafa ƙanwarsa. Motar ta tashi kamar mai ɗauke da ƙwai. Na tsaya a bakin ƙofa, inda mata ke tsayawa, har ta sha kwana.

Da la'asar Firdausi ta zo ta'aziyya. Ta ratsa mata ta durƙusa kusa da ni.

“Kaka, na duba. Kore, daga Arras har Williamsville.”

“A Indénié fa?”

“Ya tsaya a fitila, doucement.”

Wai a hankali take nufi. Na ce, “Faɗa da Hausa, kuma ki ɗaga murya. Akwai masu tsohon kunne a waje.”