Injinan Walda Cikin Leda

Halliru ya kusa gama karatun walda a wata kwalejin koyon sana'a da ke yankin Gummi, amma ko sau ɗaya bai taɓa haɗa ƙarfe da ƙarfe ba. A allo ake yi musu waldar, da alli! Malam Anwar zai zana ƙarfe biyu, ya ja layi a tsakani, ya ce, "To, kun ga sun kama."

Abin haushin, ba injinan aka rasa ba. Suna nan a ɗakin aiki, sababbi fil a cikin leda, ana hango su ta taga. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wai ba a taɓa kayan gwamnati sai babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle, shi kuwa baƙon kullum yana hanya.

Halliru ba shi da lokacin jira. Tun da 'yan bindiga suka tashe su daga Zugu, gona ta gagara, shi Inna da ƙannensa suka zuba wa ido. Kawu Hayatu ya samo masa gurbi wajen wani mai walda a Anka, amma mutumin ya ce shi ba ya karatun takarda: ranar kasuwa mai zuwa Halliru ya zo ya haɗa ƙyaure a gabansa, in ya kasa a ba wani.

"Malam, don Allah ko na yini guda a buɗe muna," in ji Halliru.

"Ɗana, so kake a kore ni? Mi zan ce in anka iske ledar a yage? Yi haƙuri, jibi za a ƙaddamar."

Halliru ya ji wannan jibin har ya gaji. Sai ga shi wannan karon ta zo da gaske. Aka share fili, aka kafa rumfa, aka raba wa ɗalibai rigunan aiki masu ƙamshin sabunta. Baƙo ya iso bayan azahar, ya yanke ƙyalle, aka tafa. Aka tsayar da Halliru kusa da inji, aka ce ya yi murmushi amma kada ya taɓa, aka ɗauki hoto. Ya yi murmushin har zuci, yana ta lissafin yadda gobe zai sammako ya wuni yana gwaji.

Motocin baƙi na fita, wata a-kori-kura ta shigo da baya har ƙofar ɗakin aiki, aka fara fito da injinan.

"Ina za a kai su?" Halliru ya tambayi Malam Anwar.

Malamin ya kau da kai. "Akwai wata makaranta da za a ƙaddamar gobe. Ba su da nasu."

"To mu hwa, Malam? Mu hwa?"

Halliru ya rasa wanda zai zaga. Direban ya leƙo ta taga ya ce, "Kai mai sabuwar riga, kama muna mana!"

Halliru ya sunkuya ya kama. Ranar ya fara sa hannu a kan injin walda, ya ɗora shi a mota.