Ranar da Yaya Ya Dawo a Rigar 'Yan Gudu

Babanmu mai walda ne, kuma kusan duk ƙarfen da ke filin wasan garinmu shi ya haɗa shi, daga ƙofar shiga har turakun raga. Tun kafin ya auri Mama yake bin kulob ɗin ƙwallon garinmu. In aka ci su ranar Asabar, ba a doguwar magana a gidanmu sai Litinin. Don haka da yayana ya zama golan kulob ɗin, Baba ya riƙa tsayar da mutanen da bai sani ba a titi yana gaisawa da su. 'Yan kallo suka raɗa wa Yaya suna Danƙo, wai ƙwallo in ta taɓa hannunsa ta manne ke nan.

Ana cikin haka aka sayar da kulob ɗin. Attajirin da ya saya ya ce garinmu ya yi wa ƙwallo kaɗan, zai mayar da shi wani babban birni inda ya gina fili mai rufi da fitilu. Aka yi roƙo, aka yi zanga-zanga, duk a banza. Manyan motoci suka zo suka kwashe kofunan da ke kabad ɗin ofis, da rigunan 'yan wasa masu ruwan ɗorawa, har da injin yankan ciyawa. Sunan ma da shi suka tafi.

Ina shagon Baba na kai masa abinci ranar da Yaya ya zo ya faɗa masa cewa zai bi su. Baba bai ko ɗaga gilashin waldar da ke fuskarsa ba.

Yaya ya ce, "Baba, aikina ne fa. Ga iyali, matata ta kusa haihuwa. Kai in aka kira ka aiki a wani gari, ba za ka je ba?"

"Zan je mana," in ji Baba. "Amma ba zan ɓalle ƙofar gidan maƙwabcina in tafi da ita ba."

"Ba ni na ɓalle ba."

"Na sani. Allah ya kiyaye hanya."

Ya ci gaba da waldarsa. Yaya ya juya ya fita.

Ba a daɗe ba aka kafa sabon kulob a shagon Kawu Tela, aminin Baba. Lauyoyin attajirin suka hana su amfani da tsohon sunan da launin rigar, sai Kawu Tela ya ɗinka musu jajaye. Daga rukunin ƙarshe suka fara, da ɗalibai da kanikawa da wani malamin jinya da ke zuwa atisaye da kayan aikinsa. Mu muka sa wa waɗanda suka tafi suna 'Yan Gudu, su kuma magoya bayansu na can suka sa mana Ragowa. Muka karɓi sunan, har muka rubuta shi a tuta.

Garin ma ya rabu. Akwai waɗanda suka ce kulob kulob ne ko ina ya koma, suka ci gaba da kallonsa a talabijin. Baba ya daina aski wurin wanda ya yi shekaru yana yi masa, don kawai ya ga rigar ruwan ɗorawa rataye a jikin madubi. Bai hana a kira sunan Yaya a gida ba, kuma in Yaya ya bugo waya sukan gaisa, su tambayi lafiya da ruwan sama, a miƙa wa Mama. Ranar da 'Yan Gudu ke wasa Mama takan ƙure rediyo a kicin. Shi kuma Baba sai a ranar yake tunawa cewa ƙofar kicin ɗin tana buƙatar gyara. Na rasa sau nawa aka gyara ƙofar nan.

Shekaru suka wuce, Ragowa tana hawa a hankali. Rannan aka yi ƙuri'ar gasar kofi, ta haɗa mu da 'Yan Gudu, kuma a filinmu. Kawu Tela ya shigo gidanmu ko sallama bai gama ba.

"Mai Walda, ka ji? To ina za ka zauna?"

"Inda na saba zama. Ko an sayar da shi ma?"

Ranar wasan filin ya cika har kan katanga. Ni da Baba da Kawu Tela muna bayan raga, wurin da suke tsayawa tun suna samari. Bayan hutun rabin lokaci aka sauya gida, Yaya ya taho wannan ragar yana gyara safar hannunsa. Ya yi ƙiba kaɗan, gashinsa ya fara ja baya. Mutanen da a da suke rera sunansa suka fara ihu, "Maci amana! Maci amana!" Wani ya jefa robar ruwa, ta faɗi kusa da ƙafarsa. Yaya bai waiwayo ba.

Baba bai yi ihun ba, bai kuma hana kowa ba. Da roba ta biyu ta wuce ta kan kansa, sai ya sauka zuwa shingen ƙarfen, ya juya wa fili baya, ya fuskanci mutane. Bai ɗaga murya ba.

"Ku zage shi, ɗan wasa ne, ya saba. Amma wanda ya ƙara jifa, ni zai fara samu."

Jifan ya tsaya. Zagin bai tsaya ba.

'Yan Gudu suka saka mana ɗaya. Saura kaɗan a tashi, aka kwashe ɗan wasanmu a cikin da'ira, alƙali ya ba da fanareti. Filin ya kaure, Kawu Tela ya kama wuyan rigar Baba yana girgiza shi. Malamin jinyar nan ne ya ajiye ƙwallon, ya ja baya, ya narka ta can ƙasa ta hagu. Yaya ya miƙe tsawonsa duka, ya kama ta da hannu biyu, ko tsalle ba ta yi ba.

A cikin shirun da ya biyo baya na ga hannun Baba ya tashi sama da kansa, a dunƙule. Da ya farga sai ya karkatar da shi yana sosa ƙeya.

Kawu Tela ya dube shi ya ce, "Ƙaiƙayi ne?"

"Sauro ne."

"Da rana tsaka? To Allah ya sawwaƙe."

Haka aka tashi, an fitar da mu. Baba ya yi wa jajayen riguna tafi har suka shige ɗakin canza kaya, idonsa ya kaɗa. Na kasa gane wanne ne ya kaɗa shi, fitar da mu da aka yi ko kamun da Yaya ya yi.

Da yamma Yaya ya zo gida da matarsa da 'yarsu, wadda a can birnin aka haife ta. Ta shigo da gudu a 'yar rigarta mai ruwan ɗorawa, ta faɗa kan cinyar Baba.

"Kaka, mun ci ku!"

"Ke da wa?"

"Mu mana! Kulob ɗinmu."

Sai ta fara rera waƙar da suke yi a filinsu in sun yi nasara, tana tafi. Mama ta tsaya da faranti a hannu. Waƙar nan Baba da Kawu Tela ne suka ƙirƙiro ta a bayan wata motar haya, tun ba a haifi Yaya ba, kuma tun da aka tafi da kulob ɗin ba wanda ya ƙara yin ta a garinmu.

Baba ya saurara har ta kai ƙarshe. Ya ce, "Wa ya koya miki?"

"Kowa ya iya a filinmu. Tamu ce."

Na ga Yaya ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Suna da yawa masu yin ta?"

Yaya ya ce, "Fili guda, Baba. Akwai wani tsoho da ke tsayawa bayan ragata, ko ruwa ake yi ba ya fashi. In aka ci mu ba ya iya cin abinci."

Baba ya dubi rigar yarinyar. Can ya ce mata, "Kin ɓata baiti na biyu. Tashi tsaye in nuna miki." Ya rera mata da muryarsa mai kaushi, tana maimaitawa, har ta kama.

Baba bai taɓa taka filin 'Yan Gudu ba har yau, kuma in ka tambaye shi zai ce maka sata sata ce. Amma da suka tashi tafiya ya raka su har bakin mota, ya leƙa ta taga ya ce wa Yaya, "Ƙwallon nan da ka kama, tun yaushe ka san hagu zai buga?"

Yaya ya kashe motar, ya fara yi masa bayani.