Sunan Edelmira a Bango

"Ban zo don hoto ba," in ji Edelmira, ta ture kwalin firintar da mai shagon ta ɗora mata a kan tebur. "Baƙi nake so, baƙi ƙirin, wanda ruwan sama ba zai wanke ba."

Mai shagon, wata mace mai jiki da tabarau a rataye a wuya, ta dube ta sama da ƙasa. "To ki bar masu tawadar ruwa, Doña. Ɗigo ɗaya ya isa rubutun ya yi hawaye. Ga mai garin tawada nan, zafi ke manna shi. Kina da kwamfuta?"

"Ina na gan ta? Wayar hannuna kawai."

"Ta isa. Wannan firintar ba ta da igiya sai ta wuta. Ki rubuta a waya, ki danna, ta fito. Ko jakin kakana zai iya."

"Jakin kakanki ya fi yayana hankali, ai kuwa. Naɗe min."

Awa biyu ta yi a bas daga birnin Manizales zuwa garinsu, kwalin a cinya, ko arepa, wainar masarar da ta saya a tasha, ba ta iya ci ba. Zuciyarta tafasa take, kuma yau shekara guda ke nan tana tafasa. Shekara bakwai ta yi tana jinyar mahaifiyarsu, ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce ɗurar romo da cokali. Ranar da tsohuwar ta cika, yayanta Ovidio, mai ɗan shagon buga takardu a ƙasan benen gidansu, shi ya buga sanarwar rasuwa da ake liƙawa a bango da turakun lantarki. Ya sa sunansa, ya sa na matarsa, har da na surukinsa da ke Sifen wanda bai taɓa ganin tsohuwar ba. Ita kuwa Edelmira aka dunƙule ta cikin "da sauran 'yan'uwa". Da ta yi magana sai ya ce wai wuri ne ya ƙare a takardar. A garin nan wanda babu sunansa a bango, ana ɗauka bai yi wa mamaci komai ba. Ranar Asabar za a yi addu'ar cikar shekara a coci, ta rantse wannan karon ita za ta buga sanarwar.

Ta hau benen ta ƙofar baya don kada Ovidio ya ga kwalin. Ta ajiye firintar a teburin cin abinci, ta jona wuta, ta zuba farar takarda. Rubutun ta riga ta haddace shi tun watanni. Sunan tsohuwar a sama, ranar addu'a da lokaci, sannan a ƙasa da manyan baƙaƙe: "Mai gayyata, 'yarta Edelmira Ocampo, wadda ta yi jinyarta, da sauran 'yan'uwa." Ta karanta sau uku, daɗi ya kama ta.

Wayar ta nuna mata sunan firinta guda ɗaya, wasu lambobi da haruffa marasa kan gado. Ta zaɓa, ta sa kwafi talatin, ta danna. Firintar ta yi shiru kamar an aiko ta gaisuwar mutuwa. Ta bubbuga mata murfi, ta sake dannawa. Ko tari ba ta yi ba.

"Ke ma kin bi bayansa ko?" ta ce da ita. Ta tashi ta dafa kofi don kada ta jefa ta ta taga.

Abin da mai shagon ba ta tambaya ba, ita kuma ba ta faɗa ba, shi ne intanet ɗaya gidan ke sha, sama da ƙasa. Sabuwar firintar ba a ma haɗa ta da shi ba. Wadda wayar ta gani ita ce ta shagon Ovidio, wadda kullum cikinta cike yake da takarda mai baƙin gefe da sunan shagonsa a ƙasa. Shi kuwa ya tafi cin abincin rana. Wani da ake kira Don Anselmo, tsohon da ke liƙa sanarwa a garin shekara talatin, ba ya jiran umarni. Duk abin da ya tarar mai baƙin gefe a bakin injin, ya kwasa ya ɗauki bokitin gam ɗinsa ya yi gaba.

Edelmira na tsaye a baranda da kofinta sai ta hango shi yana shafa buroshi a turken da ke tsallaken titi. Ta ƙanƙance ido. Sunanta ne, ɓaro-ɓaro, kuma wani kwafin na bangon kantin magani, wani na jikin shagon mai burodi. Ta dafa ƙarfen baranda.

Sai ga Ovidio ya ɓullo daga kwana yana sakace haƙori. Ya tsaya gaban turken. Ta ga wuyansa ya yi ja, ya kai hannu zai yage. Kafin ya taɓa, Doña Graciela mai burodi ta fito da gari a hannu ta riƙe masa kafaɗa.

"Ovidio, ka burge ni. Wallahi da na ce ba ka da kunya. Ashe kana sane da wahalar yarinyar nan."

Mai kemis ma ya leƙo. "Har ka cire sunanka gaba ɗaya, Don Ovidio. Sai namiji."

Hannun Ovidio ya sauka a hankali. Ya yi wani murmushi irin na wanda ya taka ƙusa a gaban surukai, ya ce ai ba komai, haƙƙinta ne. Sannan ya ɗaga kai ya dubi baranda.

Edelmira ta kurɓi kofinta, ta leƙo da kyau yadda duk titin zai ji.

"Yaya, ban ji ba. Me ka ce?"

Mai burodi da mai kemis suka juyo suna jira. Ya sake faɗa da ƙarfi cewa haƙƙinta ne.