Sheƙar Fakara

Tela ya ɗosana a bakin kujera a ofishin shugabar makaranta, tef ɗin awo na rataye a wuyansa saboda sauri. Autarsa na tsaye jikin bango, kusa da wata yarinya mai kumburarren leɓe.

"'Yarka ce ta fasa mata baki," in ji shugaba. "A kan tsuntsu."

Malamar kimiyya ta tura masa littafi a buɗe. Ga fakara nan: jiki ruwan ƙasa mai zane-zane, farin layi a saman ido, ƙafafu masu ƙaimi.

"Na koya musu cewa a ƙasa take rayuwa," ta ce. "Ta fi son gudu cikin ciyawa a kan tashi sama. Da asuba ta hau suri ta yi kira. Ƙwai kuwa, ɗan rami take tonawa a gindin ciyawa ta zuba. Sai 'yarka ta ce a bishiya take sheƙa. Wannan kuma ta ce mata babanta maƙaryaci ne."

"Baba, ku faɗa musu," in ji Auta. "Ai kun hau kun ɗebo ƙwan da hannunku."

Shekara nawa yana ba ta labarin nan yana taka keken ɗinki, kullum bishiyar na ƙara tsawo. Gaskiyar ita ce, yana yaro ya taɓa hango fakaru sun hau reshe da magariba za su kwana, shi ke nan. Ciyawa kuwa bai taɓa shiga ba, don tsoron maciji.

Ya dubi littafin, ya dubi leɓen yarinyar.

"Malama ce da gaskiya," ya ce a hankali. "A yi mana haƙuri. Ke ma da aka fasa wa baki, 'yata, yi haƙuri."

A hanyar gida Auta ba ta kama hannunsa ba. Sai da suka tsallaka titi ta yi magana.

"To ƙwan na mene ne?"

"Na kurciya."

"Amma dai kun hau bishiyar?"

Ya naɗe tef ɗin a yatsa, ya warware.

"Baffanki ne ya hau. Ni takalminsa na riƙe masa."

Ta ƙara taku uku.

"Gobe ku ba ni wannan labarin," ta ce. "Na takalmin."