Fitilar Gefen Bagadi

Mutanen da suka kafa cocin nan ma'aikatan kamfanin bulo ne, baƙi a garin, ba su da fili, ba su da Fada mai jagorantar ibada, ba su da ko benci. Da fasassun bulon da kamfani ya zubar suka ta da bango. Ranar da Fada na farko ya ajiye Jibi Mai Tsarki, wato gurasar da aka tsarkake, a ɗan akwatin bayan bagadi, ya kunna jar fitila a gefe, ya ce muddin Ubangiji yana ciki ba za a bar ta ta mutu ba. Wata amarya ta ce ita za ta kula da ita.

Amaryar nan ce yanzu Kaka. Jikarta, wadda take kira Uwar Surutu, ta tashi tana ganinta kullum da kwalbar mai da tsumman goge gilashi.

Kamfani ya rufe, mutane suka watse. Bishof ya ce waɗanda suka rage su koma babban cocin cikin gari.

Ranar Misa ta ƙarshe Kaka ta ɗauko kwalbarta.

Jikar ta ce, "Kaka, kin manta an ce yau za a rufe?"

"Ke da kika manta takalminki jiya? Wuce mu je."

Bayan addu'a, Fada ya kwashe Jibin, ya bar ƙofar akwatin a buɗe. Ya sauko da fitilar, ya kawo gaban Kaka.

"Mama, ke ya kamata ki kashe ta."

"Ban iya ba, Fada. Ba a taɓa koya mini ba."

"A hankali kawai za ki hura."

"Ka bar ta mana ta ƙare man da ke cikinta. Yau da safe na cika ta."

Fada ya sunkuyar da kai. "In tana ci, mai wucewa zai durƙusa, Mama. Kuma babu kowa a ciki."

Kaka ta daɗe tana kallon akwatin. Ta tara leɓe, iska ta ƙi fita. Sai ta lashi yatsu biyu ta matse lagwanin, ba ta ko ce wash ba.

Da suka zo fita, yarinyar ta fara durƙusawa kamar yadda ta saba. Kaka ta riƙe mata kafaɗa, ta ɗaga ta.

Nan yarinyar ta gane cewa wannan ɗakin ba coci ba ne kuma, kuma Kaka ba ta da inda za ta je gobe da safe.